Mun Gaji United, Amma Ba Mu Gaji da Ita Ba



Tun da aka dawo daga dogon hutu, tambaya ɗaya ake ta jefa mana a bakin aji da wajen masu sayar da abinci lokacin tara: wai me kuke yi har yanzu a Manchester United? 'Yan Arsenal sun yi mana ita, 'yan Chelsea sun yi. 'Yan Liverpool kuwa ba sa ma tambaya, yatsu bakwai kawai suke ɗaga mana su wuce. Har 'yan aji ɗaya, waɗanda ba su gama sanin hanyar ofishin shugaban makaranta ba, sun samu bakin yi mana dariya. Amsa wa mutum ɗaya bayan ɗaya ta ishe mu, shi ya sa muka roƙi ƙungiyar 'yan jarida ta ba mu wannan gefe na allo mu amsa wa kowa a lokaci guda. Mu ne magoya bayan United da suka rage a azuzuwan sama. Ba mu kai yawan da ba, amma muna nan.

Bari mu fara da abin da za ku faɗa, don mu rage muku wahala. A kakar 2024/2025 mun ƙare a matsayi na 15 a teburin Firimiya da maki 42. Wasa 38 aka buga, aka doke mu a 18, ƙwallo 44 kacal muka zura a raga. Tun da aka fara gasar Firimiya a 1992 ba mu taɓa sauka ƙasa haka ba. Dama ɗaya ta rage mana ta rufe bakin mutane, wato wasan ƙarshe na kofin Europa a Bilbao ta ƙasar Sifaniya ranar 21 ga Mayu, sai Tottenham, wadda ita ma ta 17 ta yi a teburi, ta ci mu ɗaya da nema. Aka shiga sabuwar kaka, Arsenal ta zo har gida Old Trafford ta ci mu 1-0. Ranar 27 ga Agusta kuma Grimsby Town ta fitar da mu daga kofin Carabao a bugun fenariti, 12 da 11. Ga wanda bai sani ba, Grimsby a rukuni na huɗu na ƙwallon Ingila take, garin masunta ne a bakin teku, filinsu ko mutum dubu goma ba ya ci. Wata Lahadi a Satumbar 2025 Manchester City ta ƙara mana da uku babu ko ɗaya. Wasa huɗu, maki huɗu. To ga shi mun faɗa da bakinmu, sai ku nemi wani abin.

Abin da ba ku cika tunawa ba shi ne, mu ba mu taɓa ganin United ta ɗaga kofin Firimiya ba. Na ƙarshe da ta ci a 2013 ne, shekarar da Alex Ferguson ya yi ritaya bayan ya riƙe ƙungiyar tun 1986. A lokacin mafi yawanmu muna shekara huɗu ko biyar, ko makarantar allo wasunmu goyo ake kai su. Ranar da Robin van Persie ya ci Aston Villa ƙwallo uku aka tabbatar da kofi na 20, mu barci muke yi. Saboda haka masu cewa nasara muka biyo su sake lissafi. Nasarar ta tafi kafin mu yi wayo.

Gado muka yi. Kusan kowannenmu akwai wani a gida da ya sa shi a hanya: wani mahaifinsa, wani kawunsa, mafi yawa kuma yayansu. Yadda abin yake faruwa kusan iri ɗaya ne. Wata Asabar Yaya zai ce sa takalminka mu je, ya riƙe maka hannu har gidan kallo, ya biya maka kuɗin shiga, ya zaunar da kai a gaban benci don kada manya su tare maka talabijin. Ba ka san satar gida ba, ba ka san me ya sa alƙalin wasa ya busa ba, amma ka ga idan masu jar riga suka ci Yaya yana ɗaga ka sama. Da salla kuma ya sayo maka jar riga a wajen 'yan gwanjo, ta sauko maka har gwiwa, da sunan wani ɗan wasa a baya wanda ya bar ƙungiyar tun kafin a haife ka. Shi ke nan an gama da kai. Babu wanda ya kawo mana teburi ya ce mu duba mu zaɓa.

Tare da rigar aka ba mu labarai. An ba mu labarin 1999 a Barcelona, inda Bayern Munich ke gaba da ci ɗaya har minti 90 suka cika, sai Sheringham ya farke, Solskjaer ya ƙara, aka haɗa kofi uku a kaka ɗaya. An ba mu na 2008 a Mosko, da ruwan sama, da yadda santsi ya kwashi John Terry a bugun da zai ba Chelsea kofin Zakarun Turai. Mun ji su har mun haddace kamar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, mun kuma kalle su a waya sau ba adadi, hoton ma duk ya dushe. Wani lokaci idan kawun ɗayanmu ya fara, sai mu riga shi faɗin ƙarshen, ya ce, "Kai, ku yi min shiru, ku da ba ku ga komai ba." Gaskiya ya faɗa. Su sun ci tuwon, mu ƙanzo muka tarar.

Abin da muka gani da idonmu daban ne. Mun ga Liverpool ta zo Old Trafford a Oktoban 2021 ta ci biyar. Mun ga City ta ci 6-3 a Oktoban 2022. Mun kuma ga ranar 5 ga Maris 2023, ranar da ta haifi yatsu bakwai ɗin nan. Abin da ya ƙara wa ranar ciwo shi ne mako ɗaya kacal kafin nan muka ɗauki kofin Carabao a hannun Newcastle, muna ta cika baki cewa United ta dawo. An tafi hutun rabin lokaci ɗaya ce kawai a ragarmu. Shida suka shiga bayan an dawo. Litinin ɗin da ta biyo baya, akwai wanda a cikinmu zazzaɓi ya hana shi zuwa makaranta, kuma har yau ba a daina gardama a kan ko zazzaɓin na sauro ne ba.

Duk da haka akwai lokaci ɗaya a shekara da babu mai jin muryar kowa sai tamu, shi ne lokacin kasuwar 'yan wasa. Daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta mu ne zakaru. Babu wasa, babu wanda zai ci mu, sai labari. Kullum da safe wani zai zo da sabo: an cimma yarjejeniya, an yi gwajin lafiya, an gan shi a filin jirgi. Rabin labaran ƙarya ne, mun sani, amma mukan zauna mu jera 'yan wasa goma sha ɗaya a bayan littafin rubutu, har da waɗanda ba a saya ba tukuna. 'Yan matan ajinmu masu bin ƙwallo a waya sun fi mu saurin samun labari, sun kuma fi mu saurin gane na ƙarya.

A 2025 ma haka aka yi. An sayo Matheus Cunha daga Wolves, Bryan Mbeumo daga Brentford, Benjamin Sesko daga Leipzig ta Jamus, su ukun kusan fam miliyan 200. Malamin lissafi ya ji muna ta ambaton miliyoyin nan kamar kuɗin ƙosai, ya ce mu juya su zuwa naira a kan fam ɗaya wajen naira dubu biyu. Aka yi ta jera sifiri a allo har aka kai biliyan 400. Ya ce, "To masu biliyan, ina aikin gidan da na ba ku?" Muka ce, "Malam, gobe insha Allahu." Makonni kaɗan bayan nan, a Grimsby, Cunha ne ya ɓarar da bugun da zai ba mu nasara, Mbeumo kuma ya buga na ƙarshe ya daki ƙarfen saman raga.

A nan ne muke da ra'ayi, kuma ba ra'ayin masu kare ƙungiya ido rufe ba ne. Matsalar United ba rashin kashe kuɗi ba ce. An sayi Paul Pogba fam miliyan 89 a 2016, ya koma Juventus a 2022 ba a karɓi ko kwabo ba. An sayi Harry Maguire miliyan 80 daga Leicester a 2019, Jadon Sancho miliyan 73 a 2021, Antony sama da miliyan 80 daga Ajax a 2022. Kuɗi kam an zuba. Abin da babu shi ne tsari guda da ake bi. Tun bayan Ferguson an yi Moyes, an yi van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Rangnick na riƙo, ten Hag, sai Ruben Amorim. Kowane koci da irin ƙwallon da yake so, sai a saya masa mutanensa, kafin su zauna da gindinsu a kore shi, a kawo wani mai son wani abu dabam. Ten Hag ya tara yaransa na Ajax: Antony, Lisandro Martinez, Onana, de Ligt, Mazraoui. An tsawaita masa kwantiragi a Yulin 2024, aka sallame shi a Oktoba. Amorim ya zo da tsarinsa na masu tsaron baya uku, wanda ba shi da gurbin 'yan gefe irin waɗanda aka tara. Kamar a ce kowane zangon karatu a canza mana malami da manhaja da littattafai, sannan a yi mamakin mun faɗi jarrabawa. A saman wannan duka akwai iyalan Glazer na Amurka, waɗanda suka sayi ƙungiyar a 2005 da kuɗin rance suka ɗora bashin a kanta. Jim Ratcliffe ya sayi wani kaso a 2024 ya karɓi ragamar harkar ƙwallo, muna dai kallo.

Hujjarmu a kan haka ita ce waɗanda suka tafi. Scott McTominay, da ake cewa bai isa ya buga wa United ba, ya koma Napoli a 2024, ya ci kofin gasar Italiya a kakarsa ta farko, aka kuma zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar. Antony, wanda ya zama abin dariyar duniya a wajenmu, ya je aro Real Betis a Janairun 2025 ya dawo mutum, har suka saye shi, a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da muka biya ba. Ƙafafun dai su ne ba a canza ba. Idan shuka ta ƙi yi a gona ɗaya ta yi a ta maƙwabci, ba iri za a tuhuma ba.

To in haka ne me ya hana mu tafi? Wannan ba tambayar wasa ba ce a wajenmu, domin akwai wanda ya tafi. Abokinmu ne, ɗan ajinmu, tare muke zama a benci ɗaya a gidan kallo tun muna aji biyu. Ranar da aka dawo hutu ya sanar cewa shi daga yau ɗan City ne. Da muka taso masa, ga abin da ya ce: "Ku saurara. Garnacho, da ake biyansa albashi duk mako, ya tattara ya koma Chelsea. Sai ni da nake cire kuɗin tarata ina biya a ɓata min rai? Ubana ne ya kafa ta?" Muka yi shiru, don maganar tana da nauyi. Alejandro Garnacho ya taso ne a ƙungiyar matasan United, kuma a ƙarshen Agustan 2025 aka sayar da shi fam miliyan 40. Su kansu manyanmu suna da irin wannan labari: Mikel Obi, haifaffen Jos, an ɗauke shi hoto da rigar United a 2005, amma a 2006 Chelsea ya tafi, ya yi shekara goma a can. Van Persie da ya ci mana kofin ƙarshe kyaftin ɗin Arsenal ne aka sayo. A wajen 'yan wasa riga kayan aiki ce, ana cirewa a sa wata.

Ba mu ce abokinmu ba shi da 'yanci ba. Babu takardar da ya sa wa hannu, ba kuma addini ya bari ba. Ba mu daina gaisawa da shi ba, har yanzu tare muke bitar kimiyya. Amma mun zuba masa ido, ga kuma abin da muka gani. Ranar Lahadi da City ta ci mu uku, ya tashi ya yi ihu tare da sababbin mutanensa, sai dai ihun nasa a maƙogwaro ya tsaya. Da ya juya zai tafa da na kusa da shi, sai wancan ya ce, "Kai kuma yaushe aka haife ka a nan?" Yayansa, wanda ya fara kai shi gidan kallo, yana can ɗaya gefen tare da mu, bai ko kalle shi ba, kuma daga baya kowa hanyarsa daban ya bi zuwa gida ɗaya. Ranar Litinin da safe, kafin a buga ƙararrawa, shi ne ya fara tambayarmu ko gaskiya ne za a kori Amorim. Labarin United ya fara dubawa a waya, ba na City ba.

Abin da ke riƙe da mu ke nan. Idan mun ce "mun ci" ko "an ci mu", ba mutanen Manchester muke nufi ba, su ba su san da mu ba. Muna nufin benci na uku daga gaba, da mutanen da ke kansa. Muna nufin kawun da ba ya magana da yara a gida amma ranar wasa sai ya kira ka a waya ya ce, "Ɗana, ka ga abin da yaron nan ya yi kuwa?" Ɗaya daga cikinmu yayansa yana aiki a Legas, sai a yi wata ba su yi magana ba, amma duk ranar da United ta buga sai saƙo ya shigo, ko da kalma ɗaya ce, "Kai!" Wani kuma mahaifinsa ya rasu yana aji ɗaya, rigar United ta mahaifin tana nan a akwatinsa, bana ta fara yi masa daidai. Ku je ku ce masa ya koma City.

Kuma ba kullum ake kuka ba. Ranar 25 ga Mayu 2024, a wasan ƙarshe na kofin FA a Wembley, babu wanda ya ba mu ko kashi ɗaya. City ta ci Firimiya sau huɗu a jere, mu mun ƙare na takwas. Yara biyu 'yan shekara 19, Garnacho da Kobbie Mainoo, suka ci, aka tashi 2-1. Sai kuma daren 17 ga Afrilun 2025, da Lyon ta Faransa a kofin Europa. Muna gaba da biyu, suka farke, aka shiga ƙarin lokaci suka ƙara biyu alhali an ba ɗan wasansu jan kati. Mutane suka fara fita daga gidan kallo suna tsaki, wasu har sun kai bakin titi. Bruno Fernandes ya ci fenariti. Mainoo ya farke a minti na 120. Kafin waɗanda suka juyo da gudu su gama shigowa, Maguire, mai tsaron bayan da aka fi yi wa dariya a duniya, ya sa kai ta shiga. 5-4. Benci ya karye a daren nan, mai gidan kallo bai ce a biya ba, don shi ma yana kan bencin. Kawun nan mai cewa ba mu ga komai ba ya kira da kansa ya ce, "To yau kun ɗanɗana." Wannan namu ne, ba labari aka ba mu ba.

Akwai ma ɗan ƙasarmu da ya fi mu sanin wannan ciwo. Odion Ighalo ya taso a Ajegunle ta Legas yana biyan kuɗi ya kalli United a gidan kallo kamar mu. A farkon 2020 aka ɗauko shi aro daga wata ƙungiya a ƙasar Sin, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya buga wa United wasa, yana da shekara 30. Bai daɗe ba, bai kuma ci kofi ba, amma duk wanda ya ga fuskarsa ranar da ya ci ƙwallonsa ta farko ya san ba albashi yake wa murna ba.

Masu dariya kuma su duba tarihin gidansu. 'Yan Liverpool, kun yi shekara 30 cur, daga 1990 zuwa 2020, ba ku ga kofin gasar ba. Iyayenku ba su gudu ba, shi ya sa a 2025 kuka samu na 20 kuka kamo mu. Muna taya ku murna, iyakar leɓe. 'Yan Arsenal, ku ne kuka fi kowa surutu, alhali har zuwa 2025 rabonku da Firimiya tun 2004, lokacin Henry da Kanu, kafin a haifi kowa a makarantar nan in ban da malamai. Sau uku a jere kun zo na biyu. Ku ma gado kuka yi, ku ma labari aka ba ku, bambancinmu kawai ku kun sha wahalarku a saman teburi, mu a ƙasa. 'Yan City ba za mu ce muku komai ba, ku dai tambayi manya a wane rukuni ƙungiyarku take a farkon 1999.

Roƙo ɗaya muke da shi. Tsokana mun yarda da ita, mu ma muna yi idan dama ta samu. Amma a zangon da ya wuce gardamar ƙwallo ta kai wasu biyu ga zagin iyaye, aka yaga riga, aka kai su gaban malamin ladabtarwa, har yau ba sa zama kusa da juna. Akwai kuma masu sa kuɗin tararsu a caca a kan wasa, idan sun faɗi su huce a kan mutane. Duk wanda zai tsokane mu ya tsaya a kan Onana da Grimsby da yatsu bakwai, waɗannan sun ishe shi har ƙarshen shekara. Iyaye kuma a bar su a gida.

A lokacin da muke rubuta wannan, a Satumbar 2025, ranar Asabar Chelsea za ta zo Old Trafford, da Garnacho a cikin tawagarta. Ƙarfe biyar da rabi na yamma za a take, magariba za ta faɗo daidai hutun rabin lokaci, sai a yi salla a dawo. Muna benci na uku daga gaba. Abokinmu da ya koma City ya ce shi ma zai zo, wai don kawai ya ga yadda za a ci mu. Mun ce a bar masa wurinsa.